Porjen wake: wata biyar ni da ƴan CM2 muna ƙirgar huda

Ni mushe ne, ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, nike riƙe da shi a wata lakwal ta gwamnati nan cikin garin Maradi, yara sun haura 70, mutum uku wani wurin huɗu bisa tabur guda. Abin da zan faɗi ya faro ne daga wani zaman CAPED, taron da malamai ke yi don ƙara ma juna sani, inda konseye, mai ba malamai shawara, ya yi mana bayani kan koyarwa ta hanyar porje, wato a ɗauko tambaya guda ta gaske a ba yara su yi makonni ko watanni suna neman amsarta da hannunsu, lissafi da kimiyya da rubutu duk su shigo ta cikinta. Ya ce ba sabon abu ba ne, tun 1918 wani malami a Amurka mai suna Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu a kai, kuma Freinet a Faransa har injin buga takarda ya sa cikin aji yara na buga abin da suka rubuta da kansu. Na saurara, na rubuta cikin kaye, amma a raina cewa nike wanga sai ajin da ke da yaro 25 da kabad cike da kaya, mu da alli ma wani lokacin sai an raba shi biyu.

Ba a yi sati biyu ba wata yarinya ta zo latti, hijabinta duk gari. Na ce ke daga ina? Ta ce Mushe, Inna ce ta sa ni tankaɗe sauran waken bara, ƙwaro ya cinye shi. Kafin in ce ta zamna wani yaro ya ce ai da sun sa toka, wani ya ce toka ba ta komi barkono ake sawa, wata ta ce su cikin bido suke zubawa, wani ya ce babanshi buhun PICS yake saye, buhun nan mai leda a ciki da ke hana iska shiga, wani ya kawo zancen ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu. Ajin da in na yi tambaya da Faransanci hannu biyar ko shida ke tashi, kullum su ɗin dai, sai ga shi kowa na magana har da na can baya da ban san muryarsu sosai ba. Lokacin Oktoba ne, ana cikin kaka, sabon wake na shigowa gari. Na juya na rubuta bisa tabulo: wace dabara ce ta fi tsare wake daga ƙwaro? Na ce masu ni ma ban san amsar ba tsakani da Allah, kuma ba zan faɗa maku ba ko na sani, mu za mu gwada.

Dirakta bai ƙi ba amma bai yi murna ba, kuma na fahimce shi. Ya ce Malam, CM2 ce fa, ga porgaram ga kompozisiyo, in anspekta ya zo kayen shiri zai duba ba wake ba. Muka daidaita cewa awannin APP, wato na aikin hannu, zan yi amfani da su, da ɗan abin da zan gutsuro daga darasin kimiyya, safiya kuma ba zan taɓa ta ba. Ya sa sharaɗi biyu, ba magani mai guba, ba wuta. Na biyun babu wanda zai yi gardama a kai a garin nan, tun gobarar Nuwamban 2021 da ta ci ɗiya ƙanana cikin azuzuwan zana, mu ma muna da runfuna biyu a farfajiya. Don haka toka daga gida za a kawo ta, ta kwana ta huce.

Sai iyaye. Kuskuren farko da na yi shi ne kalmar porje ɗin kanta. A nan in ka ce porje abin da ke zuwa ran mutum shi ne mota fara da rabon kaya, to yara sun je gida sun ce mushe ya ce za a yi porjen wake, ranar taron COGES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakwal, wani dattijo ya ce Malam wace ƙungiya ce ta kawo shi, kuma ta yaya za a rubuta sunaye? Na yi bayani cewa babu ƙungiya babu ko dala, mu ne ma ke roƙon kowane yaro ya zo da wake cikin tafin hannu biyu. Aka yi dariya aka wuce, amma wani uba bai yi dariya ba, ya ce shi ya kawo ɗanshi lakwal ne don ya iya karatu ya wuce sizyam, in noma ne da adana wake yana da gona a hanyar Tibiri. Wagga magana ta zamna mani, don gaskiya ce ya faɗa, mutum na sayen kaye da bik da guminshi. Na ce mashi Alhaji ka ba ni zuwa Maris, in ka ga karatun yaron ya ja baya ni da kaina zan tsaida abin.

Ranar da aka kawo wake muka juye shi duka cikin babbar roba guda muka cakuɗa. Nan ma sai da aka sha gardama, wani yaro ya rantse wakensu ya fi na kowa kyau ba zai haɗa ba. Na tambaye su, in gurup ɗinka ya ci da wakenku, ta ina za mu gane dabarar ce ta yi aiki ko waken ne mai kyau tun farko? Shiru na ɗan lokaci, sai shi da kanshi ya juye. Muka kasu gurup shida: butali cike har wuya a rufe gam, butali rabi a rufe, toka, barkono, wanda za a shanya bisa baƙar leda a rufe da fara cikin rana tsaka sannan a ɗaure, sai na shida wanda za a zuba cikin ɗan buhun zane a bar shi haka ba a yi mashi komi ba. Na shidan nan shi ya fi ba ni wuya. Yaran sun ce almubazzaranci ne, abinci ne, ya za a ba ƙwaro da gangan. Ban so in danne su da ni ne mushe ba, tarbiyyar gida ce mai kyau suke faɗi, sai na ce to in ba shi da mi za mu auna sauran? Aka yarda bisa cewa kaɗan za a sa, kuma abin da ya lalace kajin mai gadi za a ba.

Awon namu mai sauƙi ne. A ɗebo ƙwara 100 ba tare da zaɓe ba, ido a rufe, a jera goma-goma cikin marafen butali, a ƙirga nawa ke da huda. Ranar farko kusan duk lafiya lau suke, ƴan kaɗan ne masu huda, amma wata yarinya ta ce Mushe mene ne wanga ɗigon fari da ke manne? Na ɗauki hoto da salula na buɗa shi, layi suka yi suna kallo. Ƙwai ne. Daga nan darasin kimiyya ya shigo da ƙafarshi: macen ƙwaron tana manna ƙwai bisa bayan wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki kai tsaye, can take cin abincinta har ta rikiɗe, sannan ta fito ta bar hudar nan zagayayya da muke gani. Da zafi irin namu wajen wata guda ya isa a yi zuriya guda, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai gommai. Kuma tun daga gona ake shigowa da shi, shi ya sa waken da ka ga tas ranar sussuka bayan wata uku ya zama gari. Na sha koyar da rikiɗar ƙwari da zanen malam-buɗe-littafi bisa tabulo, ban taɓa ganin sun tambaye ni komi ba, ranar nan har aka kaɗa ƙararrawa ba su tashi ba.

Tsarin da na yi shi ne kowane wata mu buɗe, mu ƙirga, mu maida mu rufe. Mun yi kwana kamar goma a haka sai wani yaro da ke zama can baya, wanda ya dubule ajin, dikte kullum sifili ko kusa, ya same ni lokacin rekirasiyo ya ce Mushe ina da magana. Ya ce in muna buɗe butalin kowane wata, ba iska muke ba ƙwaron ba? Babanshi ɗan kasuwar hatsi ne, ya ce a shagonsu in an ɗaure buhun PICS ba a kwance shi sai ranar saidawa, in aka buɗe aiki ya ɓaci. Wallahi gaskiya gare shi, ni ban hango ba. Duk sirrin rufewar shi ne ƙwarin da ke ciki su shanye ƴar iskar da ta rage, su daina ci su daina haihuwa su mutu, in ka buɗe ka sabunta masu. Da aka koma aji na sa shi ya tsaya gaban tabulo ya maimaita, da Hausa, na ce ma aji tsarin da na kawo yana da ɓaraka kuma ga wanda ya gano ta, yanzu mi za mu yi? Su suka kawo mafita, a raba kowane gwaji cikin ƙananan robobi huɗu, irin na zoɓo da lemo, a rubuta wata bisa kowace, ta Disamba a buɗe ta a Disamba sauran ba a taɓa su. Kwana biyu suka tara robobi fiye da buƙata, muka wanke muka busar, aka sa leda ƙarƙashin marfi aka naɗe da robar tayar keke. Mun yi asarar kwana goma, muka sake daga farko.

Lissafin kashi cikin ɗari kuwa da kanshi ya zo. Tunda ƙwara 100 ake ƙirgawa, in an samu 14 masu huda to 14 cikin ɗari ke nan, har na baya sun kama wannan. Amma a ƙirgar Disamba wani gurup ya ɓarar da nashi a ƙasa kaji suka yi wawa, ƙwara 80 kaɗai suka tsira da ita, 12 masu huda. Maƙwabtansu na da 14 cikin 100. Sai murna, mu 12 ku 14, mun fi ku. Wata yarinya daga ɗaya gurup ɗin ta ce ba ta yarda ba, ai naku bai kai namu yawa ba. Na bar su, kuma barin nan shi ne abu mafi wuya da na koya cikin aikin ga baki ɗaya, bakina na ƙaiƙayi in faɗi amsa, ga agogo na tafiya, ga hayaniya. Wani ya ce a ƙaro 20 daga wani wuri, aka ce a'a. Wata ta ce a raba 80 gida huɗu, ashirin-ashirin, kowane ashirin na da 3, to in da ɗari ce ashirin biyar ke nan, 15. Suka yi tsit, 15 ta fi 14. Washegari da safe na koyar da regil da turwa, wato lissafin in kaza ya ba da kaza to kaza nawa zai ba da, kamar yadda take cikin littafi, minti ashirin ta ɗauke ni, abin da shekarun baya nike sati ina fama.

Kada wani ya ɗauka komi ya tafi sumul. Madam ɗin ajin da ke jikin namu ta yi ƙorafin hayaniya sau biyu kuma tana da gaskiya, bango guda ne tsakaninmu, dole muka koma gindin bedi. Manyan samari suka riƙe robobi da ƙirga suka bar ma ƴan mata rubutu, sai da na sa doka kowane zama a juya aiki, mai ƙirga ya koma mai rubutu, mai rubutu ya koma mai bayani. Gurup na mutum 12 ya yi yawa, ko yaya ka yi akwai uku ko huɗu da ke zamne suna kallo, wasu har aka gama ban iya jawo su ba, wannan yana damuna har yanzu. Hutun ƙarshen Disamba ɓera ya huda buhun zane guda a ofishin dirakta. Tarihi da jogarafi na ja baya da darasi kusan huɗu, sai da na riƙa kiransu safiyar Asabar na cike. Ga batun maki, ya za ka ba gurup maki guda alhali ka san wa ya yi wa bai yi ba? Abin da na yi, kowane yaro na da kayen porje nashi, ranar ƙirga ya rubuta kwanan wata, abin da ya gani, tabulon lambobi, da jimla uku da Faransanci. Muhawara da Hausa, rubutu da Faransanci, kayen nike dubawa in ba da maki, kaye 70 da ƴan kai, dare nike kaiwa.

A Janairu ƴan gurup ɗin toka suka sha kashi, wakensu ya huhhuje kusan kamar wanda ba a yi ma komi ba. Yarinyar da ta kawo dabarar ta yi kuka, ta je gida ta faɗa ma kakarta toka ba ta aiki. Bayan kwana biyu sai ga tsohuwa da sandarta har bakin aji. Na fito na durƙusa na gaishe ta, na ce Iya lafiya? Ta ce Malam a nuna mani yadda aka sa tokar. Da ta ga robar ta girgiza kai, ta ce wanga ai barbaɗe ne kamar ana sa gishiri a miya. Na ba ta kujerata. Ta ce a tankaɗe toka a fidda gawayi, in wake kwano guda ne toka ma kwano guda, a cakuɗa har ya zamana babu ƙwarar da ke taɓa ƴar uwarta, sannan a rufe sama da wata tokar mai kauri. Ɗiya 70 suna rubuta maganar tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ni kuma ina juya masu kalmomin da suka gagara. Daga baya muka tattauna dalili, tokar tana cike ƴan wuraren da ke tsakanin ƙwara da ƙwara, wanda ya fito daga ciki ba ya samun hanyar yawo balle ya sadu da wani ya yi ƙwai. Muka sake roba biyu da awon Iya, da sauran waken da muka ɓoye cikin butali a rufe.

Kasuwa mun je sau guda, da yara goma sha biyu, biyu daga kowane gurup, da izinin iyaye a rubuce. Kafin nan sati guda muna gyaran tambayoyi da yadda ake gaida babba a nemi izini kafin a buɗe kaye. Sun tambayi kuɗin tiya yanzu da kuɗinta lokacin kaka, da yadda take kaiwa in damina ta kusa, suka gane da kansu cewa wanda ya iya tsare wakenshi wata biyar ko shida shi ke cin ribar, wanda ke tsoron ƙwaro kuma dole ya saida da arha tun a kaka. Sun ji cewa wake mai huda ana rage mashi kuɗi. Sun ga manyan motoci ana lodi, aka ce masu ta Dan Isa za su bi su shiga Jibiya da Katsina, wasu har kasuwar Dawanau ta Kano, muka dawo muka bi hanyar bisa taswira, na gaya masu Nijar ita ce ta biyu a noman wake a duniya bayan Najeriya, da yawansu ba su taɓa jin ƙasarsu ta zo ta biyu a wani abu ba. Baban yaron nan na baya ya kwance mana sabon buhun PICS ya nuna masu, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowane a ɗaure shi daban. Na ƙara masu da cewa jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, an fara yaɗa shi wajen 2007, kuma dabararshi ita ce dai ta robar zoɓonmu. Yaron yana tsaye gefen babanshi ranar, shi ke riƙe bakin ledar.

Ƙarshen Fabrairu muka buɗe na ƙarshe. Buhun zane ya zama gari da wari, da wuya ka samu ƙwara mai lafiya. Barkono bai yi wani abin kirki ba, kaɗan ya fi shi. Na shanya ya yi kyau wata biyun farko sannan ya lalace, yaran suka bincika suka ga ledar da suka ɗaure da ita ta tsage, rana ta kashe na ciki amma wasu sun shigo daga baya. Butali rabi yana da huda fiye da cikakke, shi kuwa cikakke kusan yadda muka zuba shi, matattun ƙwari ƴan kaɗan a gindi. Tokar Iya ta riƙe, sai dai ita wata guda da ƴan kwanaki kawai ta yi, kuma yaran da kansu suka rubuta cikin rahoto cewa ba adalci ba ne a gwada ta da wanda ya yi wata huɗu. Wagga jimla ban sa su ba, ban ma yi tunaninta ba.

A Maris muka kira iyaye, wata Asabar da hantsi gindin bedi, tabarmi da bencina, robobin jere bisa tabur kowace da takardarta. Kowane gurup ya yi bayani da Hausa sannan mutum guda ya karanta taƙaitawa da Faransanci. Mata sun fi yawa, Iya na gaba. Alhajin nan mai gona a hanyar Tibiri ya zo, ya ɗauki kayen ɗanshi yana juyawa shafi-shafi, ya nuna wani wuri ya ce wanga 15 ɗin daga ina ta fito, yaron ya ɗauki alli ya yi mashi lissafin bisa ardwaz. Bai ce mani komi ba, da zai tafi ya ba ni hannu ya ce Malam sai an jima, ni kuma ban tambaye shi ba. Wata uwa ta ce to ita bido gare ta na lita 20 da aka gama da mai, zai yi? Na buɗe baki sai yarinyar nan mai gari a hijabi ta riga ni, ta ce Inna zai yi, amma a wanke shi ya bushe sarai, waken ma ya bushe sarai, a cika shi har wuya ana girgizawa, a sa leda a marfi, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, na ci a ware shi daban.

Bana ƴan ajin da suka taso sun ji labari wurin yayyensu, tun satin farko suke tambaya mu wane za mu yi. Tambayoyi uku ke bisa tabulo yanzu ba mu zaɓa ba tukuna: mi ya sa ruwan randa ya fi na bido sanyi, ina ledar da ake zubarwa a unguwa take ƙarewa in ruwa ya ja ta zuwa Gulbi, da ta wani yaro ɗan Jiratawa da ke son a auna ko zogalen da aka shanya a inuwa ya fi wanda aka shanya a rana. Na ce ma dirakta wannan karon gurup goma nike so ba shida ba, kuma Madam ta ce in randa aka zaɓa ƴan CM1 ɗinta za su shigo.